Motar da ta daɗe ajiye: a karanta hayaƙinta kafin a kwance inji

Da wuya ka ratsa unguwa guda a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba ka ga mota kwance gindin bedi ko cikin kangon gida ba, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi har yara suna rubuta sunayensu bisa kanta, awaki kuma sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Kowace da dalilinta. Wata mai ita ya tafi ci-rani Abijan ko Aljeriya, ya ce shekara guda zai yi, ga shi an shiga ta uku. Wata ta gado ce, magada ba su daidaita ba balle a san wanda zai hau. Wata ɗan ƙarfe guda ne ya lalace, aka ce sai albashi ya fito, albashi ya fito ya wuce, mota tana nan. Akwai kuma na ma'aikatu da na ƙungiyoyi, waɗanda ke shekara da shekaru cikin fili kafin a yi gwanjonsu.

Ran da Allah ya kawo ranar tada ta, sai a aro batir, a murɗa makulli, inji ya yi tari ya kama, hayaƙi ya turnuƙe gida. Kafin hayaƙin ya washe an riga an yanke hukunci: segiman sun mutu, sai an sauke inji. Wannan magana muna jin ta a bakin maƙwabta, muna jin ta a garaji, kuma ita ce ke raba magidanta da kuɗɗi masu yawa kan ciwon da sau da dama bidanji da ƴar tafiya ke warkarwa. A ɗaya gefen kuma akwai wanda zai ce ai hayaƙin zama ne, zai wuce, ya ɗebi iyali ya kama hanyar Kwanni, inji ya ƙone masa tsakar daji. Su biyun duka ba su tsaya sun dubi hayaƙin ba, alhali shi ne ke faɗin abin da ke ciki.

Maganar ba ta tsaya ga motocin gindin bedi ba. Akasarin motocin da muke hawa na hannu ne, sun yi rayuwarsu a Turai, Amurka ko Japan kafin su zo mana. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga waɗannan wurare uku, kuma Afirka ta fi kowace nahiya karɓa. Irin wannan mota ta kan yi watanni a filin dillali can, ta yi makonni cikin jirgin ruwa, ta sake zama a tashar Kwatano ko Lome, sannan ta zo ta jira mai saye a nan. Lokacin da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da motoci da yawa sun yi zaman da ba a shirya ba. Ke nan wanda ya sayi mota jiya ma yana iya zama motar ajiya ya saya bai sani ba.

Tun kafin a taɓa makulli

Rabin hayaƙin da ke tada hankali ana iya kauce masa tun ba a murɗa makulli ba. Inji da ya yi shekara bai juya ba, duk baƙin man da ke jikin ƙarafansa ya gangare ƙasa, saman ya bushe. A zaro sandar awon mai, wato joji, a dubi yawan man da launinsa, a kuma sunsuna shi. A buɗe radiyatar, ko lagireto, a ga ko akwai ruwa. A buɗe akwatin filtar iska, don ɓera na son wurin nan ƙwarai, yana tara tsumma da ɓawon gujiya yana haihuwa ciki, kuma ya kan ci wayoyi. Zanzaro shi ma yana gina ɗakinsa na laka cikin duk bututun da ya samu buɗe, har bakin salansa.

Masu aikin da hankali su kan kwance buji duka, su ɗiga baƙin mai kamar cokali guda cikin kowane rami, su bar shi ya kwana, sannan su juya inji da hannu su ji ko yana tafiya ba tare da ya cije ba. Daga nan a buga demarar ba tare da buji ba har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya hau ko'ina. Wannan mataki yana da wani amfani babba: in ruwa ya tsiyaya ya taru bisa kan piston lokacin zaman, ta ramin buji zai fito. In kuwa buji na ɗaure aka tada, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfen da ke riƙe da piston ne zai lanƙwashe. Duk motar da ruwa ya taɓa kwanciya ƙarƙashinta, kamar yadda aka gani a ambaliyar Yamai ta 2020 da ta Maraɗi ta 2024, kada a tada ta sai an yi wannan dubawa. Sai dai a sani, man da aka ɗiga ɗin nan shi ma zai ƙone ya yi hayaƙi shuɗi na ƴan mintoci, kada a ce ga ciwo.

Sai maganar tsohon isans. Ko na sitasiyo ne daga matatar Damagaram da ta fara aiki a 2011, ko na kwalba ne daga ƴan ruwa-ruwa, isans ba ya son zama. Bayan ƴan watanni, musamman a zafin ƙasarmu, sashensa mai saurin kamawa ya kan tsere, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi ɗanko, warinsa ya koma kamar na tsohon fenti. Irin wannan yana toshe karbiratar da injektar, yana sa inji rawa da hayaƙi iri-iri da za su rikita mai dubawa. Mu dai a ganinmu wanda ya tada mota da isans ɗin shekara biyu, ya kuma zauna yana fassara hayaƙinta, ɓata lokacinsa yake. A zubar da shi, a sa sabo, sannan a yi magana.

A kuma fitar da motar fili. Cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke sumar da mutum cikin rufaffen ɗaki ba tare da ya ankara ba. Ana buƙatar mutum biyu, ɗaya bisa sitiyari, ɗaya tsaye gefe a baya, da farar takarda a hannunsa. Abu uku ake nema: launin hayaƙin, warinsa, da lokacin da yake fitowa. Na ukun nan shi ne mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi faɗin gaskiya.

Fari iri biyu ne

Duk litar isans guda da inji ya ƙona tana barin kusan litar ruwa guda ta hanyar tururi. In salansa na da sanyi, tururin ya kan koma ruwa cikinta, shi ya sa ake ganin ɗigo a bakin bututu da safe. Motar da ta yi damina biyu ko uku a tsaye kuwa ta tara laima cikin salansa fiye da kima. Don haka farin hayaƙi siriri, marar wari, mai ɓacewa da ya yi taku biyu daga mota, ba hayaƙi ba ne, tururi ne. In aka kara masa farar takarda za ta jiƙe ta bushe ba tabo. Minti goma ko sha biyar, inji ya yi zafi, ya tafi.

Amma a lura da inda muke. Mutumin Turai ya saba ganin wannan tururi rabin shekara, mu kuwa sai da asubahin hunturu, watan Disamba da Janairu, ko safiyar da aka kwana ana ruwa. Motar da ke fitar da farin hayaƙi da tsakar rana cikin watan Afirilu, ana zafin da ya haura digiri 40, bayan ta yi rabin awa tana aiki, ba laima ke damunta ba. Wannan ruwan radiyatar ne ke shiga inda ake ƙona mai, kuma mafi yawan lokaci juwan kilas ne ya ɓalle, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Hayaƙin na da kauri, yana tsayawa cikin iska kamar gajimare, ba ya raguwa ko inji ya yi zafi.

Littattafan gyaran mota su kan ce irin wannan hayaƙi na da ɗan ƙamshi mai zaƙi. Gaskiya ne, in ruwan sanyaya inji na kanti aka zuba, mai launin kore ko ja. To mu nawa ne ke zuba shi? Akasarinmu ruwan famfo ko na rijiya muke ɗurawa, shi kuwa ba ya da ƙamshin komi, don haka kada a dogara da hanci. Kuma wannan ruwan na banza shi ne ke yin ɓarnar tun farko: yana zaune shekara guda cikin inji yana cin ƙarfe, yana tara tsatsa, yana raunana gefen juwan da kan inji na alminiyam, ran da aka tada mota zafi ya ƙarasa aikin.

Ga yadda ake tabbatarwa ba tare da kwance komi ba. Inji na da sanyi, a buɗe murfin radiyatar, a cika ruwa, a tada. In aka ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, iskar cikin inji ce ke kutsowa. In babban tiyo na sama ya yi tauri kamar tayar keke cikin minti ɗaya ko biyu, shi ma haka ne. In ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ƙasa ba, in man jikin joji ya koma kamar shayi da madara, in buji guda ya fito fes kamar an wanke shi alhali sauran na da datti, to magana ta ƙare. A kashe mota, kada a ce bari in lallaɓa zuwa garaji in garajin na da nisa. Ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai shi kaɗai bai isa shaida ba, laimar zama ma na kawo shi. Murfin radiyatar kuwa ba a buɗe shi inji na da zafi, mutane da yawa sun saɓule fuska ta haka.

Shuɗi, inda ake yawan cutar mutane

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ko toka-toka, mai warin ƙonannen mai, wanda ke barin tabon maiƙo bisa takarda, baƙin mai ne ke ƙonewa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ta wace ƙofa man ya shiga, don ƙofofin ba ɗaya ba ne, kuma kuɗin toshe su ya bambanta nesa ba kusa ba.

Ta farko ita ce mafi arha: an cika mai ya wuce layin sama na joji. Mai tada tsohuwar mota ya kan ce bari in ƙara mata ta ji daɗi, sai ya zuba fiye da kima, inji ya riƙa watsa shi inda bai kamata ba. A rage, shi ke nan. Kusa da wannan akwai ɗan tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, in ya toshe da dattin zama sai iska ta matsu ciki ta tura mai sama.

Ta biyu ƴan robobin da ke wuyan sufaf ne, can saman inji. Aikinsu hana mai gangarowa ta jikin sandar sufaf. Roba kuwa zafi da daɗewa na busar da ita ko mota ba ta motsa ba, ta yi tauri ta tsage. Alamarsu a fili take ga mai lura: mota ta kwana, an tada, ta yi tunƙu guda na shuɗin hayaƙi, sannan ta washe. An tsaya a danja ta daɗe a ralanti, an ba ta wuta, ta sake yin tunƙu. Ana gangara an ɗage ƙafa, da aka sake takawa sai hayaƙi. Tsakanin haka kuwa tana tafiya garau. Wannan aikin sama ne, ba ya buƙatar a sauke inji, kuma mota na iya yin watanni a haka in ana duba mai.

Ta uku ita ce segiman, zobban da ke kewaye da piston, galibi uku: biyu na riƙe matsi, ɗaya na share mai daga bango. Hayaƙinsu na fitowa ne lokacin da ake ba da wuta, da hawan tudu, da ɗaukar kaya, kuma ba ya ɗaukewa. In aka buɗe murfin zuba mai inji na aiki, sai a ga yana huci da ƙarfi kamar tukunyar da ke tafasa. To a nan ne ake tafka kuskure, don akwai segiman da suka cinye, akwai kuma waɗanda suka liƙe kawai. Zobe ya kamata ya riƙa buɗewa yana manne da bango, amma in ya shekara wuri guda, tsohon mai da ɗan tsatsa su kan manne shi cikin raminsa. Motar da aka ajiye lafiya lau ba ta hayaƙi, ba ta yi tafiyar kilomita ko ɗaya ba, ta yaya zobbanta za su cinye a tsaye? Wannan ita ce tambayar da muke so mai mota ya yi ma kansa, ya kuma yi ma makaniki. Sau da yawa sabon mai da sabuwar filta, da tafiya a hankali ta kilomita 200 ko 300 ana duba joji kowace safiya, su kan saki zobban, hayaƙi ya yi ta raguwa har ya ɓace. In yana raguwa, a ƙara haƙuri. In yana nan yadda yake, ko mai na sauka da sauri, sannan a yi zancen kwancewa.

Ko a lokacin ma akwai awo. Garaji na kirki na da agogon awon matsi da ake ɗaurawa a ramin buji. Ana auna kowane rami, lambobin su kasance kusa da juna, bambancin kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Ramin da ya yi ƙasa sai a ɗiga masa ɗan mai a sake aunawa. In lamba ta tashi, zobba ne. In ba ta motsa ba, a nemi sufaf ko juwan kilas. In ramuka biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, juwan ne ya ɓalle tsakaninsu. Aikin rabin awa ne. Makanikin da ya ce a sauke inji bai yi wannan awo ba, da ido da kunne kawai, ba mu ce maƙaryaci ne ba, amma canke yake yi da aljihun wani. Kuma a tuna, man da ya riga ya taru cikin salansa zai ci gaba da ƙonewa kwana ɗaya ko biyu ko bayan an yi gyara, kada a koma ana faɗa da mai gyaran.

Baƙin hayaƙi shi ne mafi sauƙin sha'ani. Isans ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Yana warin ɗanyen isans, yana barin baƙin gari busasshe bisa takarda da kan buji. A fara da filtar iska, wadda ƙurar hunturu ko gidan ɓera suka shaƙe. A tsofaffin motoci masu karbiratar irin Peugeot 504, ɗanƙon tsohon isans ne ke riƙe ɗan abin da ke tsai da mai, sai ya yi ta ambaliya. A na zamani kuwa injektar ce ke ɗiga, ko ɓera ya cinye wayar wata na'ura. Wanki da tsabta ne maganinsa. Abu guda ne abin tsoro: in man jikin joji ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin isans, to isans ya gangara ciki, a yi bidanji nan take kafin ya cinye ƙarafa.

Masu gazuwal, irin su Hilux, Land Cruiser da Hiace ɗin da ke jigilar mutane tsakanin garuruwanmu, nasu karatun ya ɗan bambanta. Farin hayaƙi da sanyin safiya mai yaji a ido, mai warin gazuwal, ba ruwa ba ne, gazuwal ne da bai ƙone ba: ko bujin ɗumama inji sun mutu, ko iska ta shiga hanyar mai, ko injektar ta liƙe. Tankin gazuwal da ya daɗe kuma ya kan tara ruwa a ƙasa da wani baƙin yauƙi mai toshe filta. Sannan akwai haɗari guda da ya keɓanta da su, musamman masu turbo. Injin gazuwal na iya cin baƙin mansa a matsayin abinci. In mai ya taru cikin bututun iska, sai inji ya ɗauki gudu da kansa, yana ƙara mai ban tsoro, hayaƙi ya rufe wuri, a zare makulli ya ƙi mutuwa. Abin yi shi ne a taka birki da ƙarfi, a sa bitas ta sama, a saki ambireyaj ya shaƙe, ko a toshe bakin shigar iska da katako. Ba a sa tafin hannu.

Wani hayaƙin ma ba daga salansa yake ba. Ƙura, ganye, ɗigon mai da ya bushe bisa bututu mai zafi, duka za su yi hayaƙi daga ƙarƙashin kapo a rabin awar farko. A buɗe a duba da ido, don busasshiyar ciyawar gidan ɓera na kama wuta.

Ga mai shirin sayen mota a filin dillalai kuwa, ya je da sassafe, ya ɗora hannu bisa inji ya tabbatar da sanyi yake, a tada a gabansa yana tsaye a baya. Injin da aka riga aka ɗumama kafin ka iso ya ɓoye maka tunƙun farko, wanda shi ne ke tona asirin robobin sufaf. Ya zaro joji ya murza man tsakanin yatsu, don mai kauri kamar zuma ana zuba shi ne a rufe bakin hayaƙi na ƴan kwanaki. Ya kuma tambayi shekarun kuruwar da ke cikin inji, wadda ke haɗa juyin sama da na ƙasa. Ita ba ta hayaƙi, ba ta ba da sanarwa, tana tsufa ko mota na tsaye, shi ya sa masu ƙera motoci ke ƙayyade mata shekaru ban da kilomita, galibi biyar ko shida. A injuna da yawa, ran da ta tsinke, piston da sufaf karo suke yi.